Daga Intaha Zuwa Ibid.: Tarihin Taƙaitattun Kalmomi a Rubutun Ilmi a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba kundayen digiri da maƙalun da ake gabatarwa a jami'o'in ƙasar nan ya san wasu 'yan baƙaƙe da kan maƙale a gindin shafi ko cikin baka biyu, irin su ibid. da op. cit. da cf. da et al. da i.e. da e.g. da etc. Dukkansu gutsattsarin kalmomin Latin ne, harshen Rumawan dauri, wanda aka yi fiye da shekara dubu ba wata al'umma da ke tashi da shi a matsayin harshen uwa. Duk da haka sun ƙetaro teku sun zauna daram a cikin rubutun Hausa, har akan sami kundin da aka rubuta da Hausa tsantsa a kan waƙoƙin noma ko karin harshen Zazzaganci, amma gindin shafinsa yana magana da Latin.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun waɗannan baƙi tun daga tushensu har zuwa saukarsu a ƙasar Zazzau, tare da kwatanta su da ramzoji da alamomin da malaman zaure suka daɗe suna aiki da su kafin zuwan boko. Abin da tarihin ɓangarorin biyu ya nuna shi ne, taƙaitacciyar kalma yarjejeniya ce tsakanin marubuci da mai karatu. Muddin ɗayansu bai san abin da aka ƙulla ba, to, hanyar da za a bi a koma ga tushen magana ta toshe, ga shi kuwa komawa ga tushe ita ce ke raba rubutun ilmi da jita-jita.

2.0 Asalinsu a Turai

Gajarta kalma tsohuwar al'ada ce a Rum. Akan danganta tsari na farko ga Tiro, bawa kuma magatakardan Sisero, shahararren lauya ɗan majalisa wanda aka kashe a shekara ta 43 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Tiro ya ƙago alamomi ne domin ya riƙa kama jawabin ubangidansa yana fitowa daga baki. Waɗanda suka biyo bayansa suka yi ta ƙari har alamomin suka kai dubbai.

Tun a wancan zamani aka gane haɗarin abin. A shekara ta 533, lokacin da Sarkin Rum Jastiniyan, wanda ke zaune a birnin da ake kira Santambul a yau, ya ƙaddamar da babban kundin dokokin da ya sa aka tattara, sai ya haramta wa masu kwafe su yi amfani da taƙaitattun kalmomi a cikinsa. Ya ce wanda ya saɓa za a hukunta shi hukuncin mai jabu, kuma ba za a karɓi irin wannan kwafe a gaban alƙali ba. Dalilinsa kuwa a fili yake: baƙi ɗaya yana iya ɗaukar ma'ana biyu, shari'a kuma ba ta son shubuha.

Hanin sarki bai wuce littattafan doka ba. A ƙarnonin da suka biyo, malaman Kirista da ke kwafe littattafai da hannu sun ci gaba da gajartawa, domin a kan fatar dabba suke rubutu, ita kuwa tana da tsada. Ko da Gutenberg ya buga Littafi Mai Tsarki da injinsa a birnin Mainz na Jamus wajajen 1455, sai da ya zuba siffofin baƙaƙe da alamomi kimanin 290 domin ya kwaikwayi hannun masu kwafe. Ƙamusun da Adriano Cappelli ya fitar a Milan a 1899 ya ƙunshi irin waɗannan taƙaitattun kalmomi kimanin 14,000. Burbushinsu yana nan har yau. Alamar & ba kome ba ce illa baƙaƙen kalmar et, watau "da", aka sarƙe su wuri guda. Haka nan z ɗin da ke ƙarshen viz. ragowar wata alama ce da masu kwafe kan sa a gurbin ƙarshen kalmar videlicet.

Amma ibid. da 'yan uwanta, a yadda ake aiki da su yanzu, 'ya'yan ɗab'i ne. Kafin injin buga littafi, kowane kwafe da tsarin shafukansa, saboda haka ba amfani a ce wa mai karatu ya duba shafi kaza. Da ɗab'i ya sa kwafe ɗari biyar suka zama iri ɗaya, sai ya yiwu a nuna wa mutum ainihin wurin da aka ɗauko magana. Daga nan bayanin gindin shafi ya bunƙasa, kamar yadda ake gani a ƙamusun tarihi na Pierre Bayle na 1697, da littafin Edward Gibbon a kan faɗuwar daular Rum wanda ya fito tsakanin 1776 da 1788. A lokacin Latin bai gama sauka daga kujerarsa ta harshen ilmi a Turai ba. Da shi Newton ya rubuta babban littafinsa a 1687, da shi kuma Linnaeus ya tsara sunayen tsirrai a 1753. Sa'ad da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci suka karɓe jikin shafi, sai Latin ya koma gindi ya fake. Masu jera baƙaƙe da hannu a maɗaba'a sun yi maraba da haka, domin ibid. ta fi maimaita sunan littafi sauƙi. Masu karatu kuma ba su wahala ba, tun da yake duk wanda ya shiga jami'a a Turai a wancan zamani ya karanta Latin tun yana yaro.

3.0 Ramzi a Zauren Malam

Ƙasar Hausa ba ta jira Turawa ba kafin ta san taƙaita kalma. Dalilin da ya sa malaman Turai tsimin fata shi ya sa na nan tsimin takarda. A ƙarni na 19 yawancin takardar da ake rubutu a kanta daga arewacin Italiya take fitowa, ta ratso hamada ta hanyar Tarabulus, galibi da tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Littattafan kuwa warƙoƙi ne a sake, ba ɗinki, ba lambar shafi, sai dai a rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a gindin wadda ta gabace ta don kada su rikice. Saboda haka malami ba ya kafa hujja da shafi. Yakan ambaci sunan marubuci da littafinsa, wani lokaci da babi, ya kawo nassin, sa'an nan ya rufe da kalmar intaha, watau "ya ƙare", wadda akan gajarta da alif da ha (اهـ). Wannan ita ce alamar rufe zancen wani a wancan tsari. Littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello cike suke da ita, kuma ita ce ke nuna wa mai nazari inda maganar magabata ta tsaya, ta mai littafi ta fara.

Akwai wasu alamomin. Idan an kawo farkon nassi ana son mai karatu ya cika sauran, sai a sa الخ, watau ila ahirihi, wadda ke aikin etc. Idan mai kwafe ya tsallake kalma ya dawo ya cike ta a gefe, sai ya bi ta da صح don a san gyara ne ingantacce. Idan ya tarar da abin da bai gamsu da shi ba a asalin da yake kwafa, sai ya bar shi yadda yake ya rubuta كذا, watau "haka yake", daidai da aikin sic. Masu hadisi kuma sukan gajarta haddasana zuwa ثنا, su sa ha ƙarami (ح) a inda isnadi ya juya zuwa wani.

Bayan waɗannan akwai ramzojin sunaye. Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya taɓa aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha, ya tsara littafinsa Jami'us Sagir da baƙaƙe: ha mai ruwa (خ) Buhari, mim Muslim, ƙaf su biyun a haɗe, dal Abu Dawuda, ta Tirmizi. Mai Ƙamus, Firuzabadi, ya sa jim a gurbin jam'i, ain a gurbin sunan wuri, dal a gurbin gari. A Shaɗibiyya, littafin ƙira'o'i, alif Nafi'u ne, ba Ƙaluna, jim kuwa Warshu, wanda da ruwayarsa aka gaji karatun allo a ƙasar Hausa. A fiƙihun Malikiyya, Dasuƙi, wanda ya rasu a 1815, ya yi aiki da ح a gurbin Haɗɗabi, خش a gurbin Harashi, عبق a gurbin Abdulbaƙi Zarƙani, بن a gurbin Bannani.

Wanda ya lura da waɗannan zai tsinci ƙa'idojin da malaman suka kiyaye. Ta farko, mai littafi yakan ajiye mabuɗi a bakin ƙofa. Suyuɗi da Firuzabadi da Dasuƙi duk sun bayyana ramzojinsu a gabatarwa. Shehu Halilu ma, duk da shaharar Muhtasar da matse zance, ya fara ne da faɗin wace kalma ke nuni ga Mudawwana, wace ga Lahami, wace ga Ibn Yunus da Ibn Rushdi da Maziri. Ta biyu, ramzi ba ya ƙetare iyakar fanninsa. Ha ƙarami ɗin da ke nufin juyawar isnadi a hadisi, shi ne Haɗɗabi a fiƙihu. Ko a lissafin shekaru haka abin yake. Mawaƙan ajami sukan rufe waƙa da ramzin shekara bisa ƙidayar Magaribawa, inda shin ke daidai da 1000. Shekarar hijirar Shehu zuwa Gudu, 1218, wadda ta yi daidai da 1804, za ta fito da shin da ra da ya da ha ƙarami. Wanda ya karanta baƙaƙen nan huɗu da ƙidayar Gabas, inda shin ke 300, zai sami 518, ya yi kuren shekara 700 cif.

Ta uku, akwai abin da ba a so a gajarta. Ibn Salah, wanda ya rasu a 1245, ya yi gargaɗi a littafinsa na ilmin hadisi kada a mai da salati ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zama ramzi, Nawawi da Suyuɗi kuma suka bi bayansa. Ta huɗu, wadda ta fi duka ƙarfi, ramzi ba ya yawo shi kaɗai, yana tare da malami. Almajirin da ya taso daga Janfalan ko Hunƙuyi ko wani ƙauye na ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan ya shiga birnin Zariya neman ilmi a Unguwar Juma ko Kona, a gaban malami yake biya littafi jumla jumla. Duk inda aka iske ramzi, malam zai warware shi da baki, ya ce Haɗɗabi ke nan, ya fassara da Hausa. Ba a barin ɗalibi ya wuce baƙin da bai san mai shi ba.

4.0 Shigowar Latin ta Hanyar Boko

Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar Zazzau a 1902, Kano da Sakkwato kuma a 1903, sai boko ya soma kafuwa. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Amma taƙaitattun kalmomin Latin na farko da talakan ƙasar Zazzau ya fara cin karo da su ba a aji ya gan su ba, a rasiɗin haraji ne da takardar awon auduga. Alamomin kuɗi £ da s. da d. na libra ne da solidus da denarius. Bahaushe ya karanta su fam da sule da kwabo, ba ruwansa da asalinsu. Kwabon da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta ɗauki suna daga gare shi lokacin da ta fara fitowa a Zariya cikin Janairun 1939, da 1d. ake rubuta shi, ga shi kuwa ba d a cikin kalmar kwabo, ba ta kuma a cikin sunansa na Ingilishi. Wannan denarius ɗin dai shi ne kakan dinarin da almajiri ke karantawa a babin zakka. Alamomin sun yi aiki har ranar 1 ga Janairun 1973 da naira da kwabo suka maye gurbinsu. Ba su taɓa rikita kowa ba, domin mai saye da mai sayarwa duk sun san abin da ake nufi.

Wasu kuma ta hanyar sana'o'in boko suka shigo. Malaman asibiti sun koyi rubuta b.d. da t.d.s., watau sau biyu da sau uku a rana. Masu binciken aikin gona a Samaru sun gaji sunayen tsirrai na Latin, inda raken da Maƙarfi da Kudan suka shahara da shi ya zama Saccharum officinarum L., wannan L. kuwa sunan Linnaeus ne aka gajarta. A fagen nazarin harshe, ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun yi aiki da cf. da e.g. da makamantansu, amma dukkansu sun bi al'adar jera ma'anar abin da suka gajarta a farkon littafi. Littattafan Hukumar Fassara, wadda aka kafa a 1929, da na Hukumar Talifi da ta gaje ta a Zariya a 1933, don makarantu da jama'a aka yi su, ba su da buƙatar ibid.

Babbar ƙofa ita ce jami'a. An kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 ƙarƙashin kulawar Jami'ar Landan, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ranar 4 ga Oktoban 1962. Tsarin rubuta kundi na Ingila ya biyo malamai, da bayanin gindin shafinsa da Latin ɗinsa. A 1964 aka fara shirin binciken tarihin Arewa a Zariya, wanda ya tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami masu yawa. A nan ne tsarin biyu suka haɗu a tebur guda: manazarci yana karanta nassin da aka rufe da intaha, yana rubuta ibid. a ƙarƙashinsa.

Sai kuma Hausa da kanta ta zama harshen nazari. An kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a 1969, mujallarta Harsunan Nijeriya ta fara fita a 1971, daga shekarun 1970 kuma ɗalibai a Kano da Zariya da Sakkwato suka shiga rubuta kundaye da Hausa. An yi aiki tuƙuru wajen samar da kalmomin nahawu da adabi, aikin da ya kai ga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990. Jikin shafi ya sami sutura ta gida. Gindin shafi kuwa ya ci gaba da zama da kayan aro, kuma a hannun ɗaliban da yawancinsu ba su taɓa karanta Latin ba. Sharaɗin da ya sa alamomin suka yi aiki a Turai bai biyo su ba, ba su kuma sami irin warwarar baki da ramzi ke samu a zaure ba. Sau da yawa ɗalibi daga kundin wanda ya riga shi yake kwaikwayo, ya kwashe daidai da kure gaba ɗaya.

5.0 Ma'anoni da Wuraren Tuntuɓe

Kure mafi yawa shi ne musanya i.e. da e.g. Ta farko id est ce, watau "watau". Tana nufin abin da zai biyo shi ne dukkan abin da ake magana a kai. Ta biyu exempli gratia ce, watau "alal misali". Wanda ya rubuta "garuruwan ƙasar Zazzau, i.e. Ikara da Maƙarfi da Kudan" ya ce ke nan ƙasar Zazzau gari uku gare ta. Wanda kuma ya rubuta "Hausa Bakwai, e.g. Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram" ya nuna akwai ta takwas da bai faɗa ba. Da Hausa suka rubuta, kunnensu ba zai yarda da ko ɗaya ba.

Etc. daga et cetera take, "da sauran abubuwa". Kalmomi biyu ne, saboda haka e.t.c. da ake yawan gani kure ne. Tun da et tana nufin "da", rubuta "da etc." maimaici ne. Ba a kuma rufe jerin da aka buɗe da e.g. da ita, domin misali ya riga ya nuna akwai saura. Don mutane kuwa et al. ake sawa, daga et alii, "da wasu". Et cikakkiyar kalma ce, ba ta ɗaukar ɗigo, al. ce aka gajarta.

Cf. daga confer take, "kwatanta". Tana gayyatar mai karatu ya gwama abin da aka faɗa da wani ra'ayi, wanda sau da yawa ya saɓa. Wanda ya sa ta a gurbin "duba" yana iya jingina maganarsa ga malamin da bai faɗe ta ba, ko kuwa ya sa a zaci akwai saɓani inda babu.

Ibid. daga ibidem take, "a wurin nan dai". Tana komawa ne ga madogarar da ta gabace ta kai tsaye, ba wata ba. Idan bayanin da ya gabata ya ambaci littafi biyu, ba ta da wurin zama. Haɗarinta ya fi fitowa wajen gyara. Ɗalibi ya kafa hujja da Infaƙul Maisuri na Bello a bayani na 12, ya sa ibid. a na 13. Mai duba aikinsa ya ce ya ƙara wata madogara a tsakani, sai ya cusa wani littafin Bature. Nan take maganar Bello ta koma bakin Baturen, ba tare da an taɓa ko baƙi ɗaya ba. Op. cit., watau opere citato, "a aikin da aka ambata", ta fi wannan wahalarwa. Mai karatu sai ya yi ta komawa baya yana neman inda aka fara ambaton littafin, idan kuwa marubucin irin Abdullahi ɗan Fodiyo ne mai littattafai da yawa, to, ba a san wanne ake nufi ba. Loc. cit. kuwa tana nufin littafi ɗaya, shafi ɗaya, saboda haka ba a bin ta da lambar shafi.

Ga masu tarihi, c. ko ca., daga circa, "wajajen", ta fi ƙarfin girmanta. Shekarun sarautar Muhammadu Rumfa da aka saba rubutawa, 1463 zuwa 1499, lissafi ne da H. R. Palmer ya yi daga tsawon mulkin sarakuna a fassarar tarihin Kano da ya buga a 1908. Zamanin Sarauniya Amina ta Zazzau ma ana saɓani a kansa: tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, farkon ƙarni na 15, wasu manazarta kuma suka kai ta ƙarni na 16. Duk wanda ya jefar da wannan c. wajen kwafe ya mai da kirdado ya zama yaƙini. Haka nan ya kamata a san A.D. anno Domini ce, tana kuma zuwa kafin lambar shekara. A.H. da ake bin shekarar Musulunci da ita ma Latin ce, anno Hegirae, Turawa suka ƙaga ta. Hausa tana da "miladiyya" da "bayan hijira".

6.0 Sauyin Zamani

Su kansu masu abin sun daɗe da fara janye jiki. Tun a 1881 wani masanin dabbobi na Jami'ar Harvard a Amurka, Edward Mark, ya yi amfani da tsarin sa sunan marubuci da shekara cikin baka biyu a jikin shafi. Tsarin ya yaɗu a fannonin kimiyya, ya shiga nazarin harshe, a yau kuma samfurinsa na APA shi ne sassa da yawa na jami'o'in Nijeriya ke bi. A wannan tsari ibid. da op. cit. ba su da aiki. Littafin ƙa'idojin ɗab'i na Jami'ar Chicago, wanda ya fara fita a 1906, ya riga ya yar da op. cit. da loc. cit., sa'an nan a bugunsa na 17 a 2017 ya shawarci marubuta su bar ibid. su riƙa maimaita sunan marubuci a taƙaice. Dalilin tsimi ya kau, domin ba fata ake saye ba, ba kuma da hannu ake jera baƙaƙe ba. Mai karatu a kwamfuta kuwa yakan ga bayani ɗaya ne shi kaɗai, ba tare da na samansa ba. Et al. dai tana nan da ranta: bugu na 7 na ƙa'idojin APA, wanda ya fito a 2019, ya ce a sa ta tun ambato na farko idan marubuta sun kai uku.

Wannan bai sauke wa ɗalibi nauyin sanin su ba. Littattafai da kundayen da aka rubuta a kan ƙasar Hausa tun daga farkon ƙarni na 20 cike suke da su, wanda bai iya warware su ba kuwa ba zai iya bin sawun hujjojin magabatansa ba, kamar yadda wanda bai san ramzin Dasuƙi ba ba zai amfana da hashiyarsa ba.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa sanin taƙaitattun kalmomin Latin wajibi ne ga mai karatu, amma yin aiki da su a rubutun Hausa zaɓi ne, kuma galibi akwai abin da ya fi su. "Watau" da "misali" da "kwatanta" da "duba" da "wajajen" da "da wasu" gajeru ne, kowane Bahaushe kuma ya san bambancinsu ba sai an koya masa ba. D.s. ta riga ta zauna a gurbin etc., sh. kuma a gurbin shafi. Inda ƙa'idar mujalla ko ta fanni ta tilasta Latin, kamar sunayen tsirrai, sai a rubuta shi daidai, da ɗigonsa a muhallinsa.

Sauran aiki yana wuyan malamai. Ya kamata darasin dabarun bincike ya riƙa warware waɗannan alamomi ɗaya bayan ɗaya, na Latin da na Larabci, yadda malamin zaure ke warware ramzi. Ya kamata kowane kundi ya buɗe da jerin abin da ya gajarta, bisa sunnar Suyuɗi da Dasuƙi da Bargery. Ya kuma dace sassan Hausa na jami'o'in Nijeriya da Nijar su zauna su daidaita taƙaitattun kalmomin Hausa na rubutun ilmi, kamar yadda aka zauna a Bamako a 1966 da Yamai a 1980 a kan ƙa'idojin rubutu, domin ɗalibin Zariya da na Damagaram su karanta gindin shafin juna ba tare da tafinta ba.